Yadda mai sana'ar cikin gida za ta samu sababbin masu saye a Sakkwato

Mai shago a Tsohuwar Kasuwa ko a bakin titin Sarki Yahaya yana da abin da ke ba ki da shi: masu wucewa. Ko bai kira kowa ba, ido zai faɗa kan kayansa. Ke kuwa da kike haɗa turaren wuta a ɗaki a Mabera, ko kike suyar cincin a Arkilla, ko kekenki na ɗinki yake tsakar gida a Runjin Sambo, babu mai wucewa ta ƙofar ɗakinki sai mutanen gidan. Sabuwar mai saye ba za ta faɗo miki daga sama ba. Kusan kullum ta hannun wata take zuwa, wadda ta riga ta yarda da ita: yayarta, maƙwabciyarta, abokiyar aikinta, ko matar da suke zama kusa da juna a Islamiyya. Aikinki shi ne ki sa kayanki su riƙa shiga gidajen da ƙafarki ba ta kai ba, ta irin waɗannan hannuwa, kuma ki san nawa kowace hanya take ci miki.

Da mace muke magana a nan domin mata ne suka fi yawa a wannan fage, amma namiji mai gyaran waya, ko ɗinkin hula, ko haɗa takalmin fata a zauren gidansu, zai iya bin mafi yawan matakan yadda suke.

Mataki na ɗaya: ki tsayar da abin da za a san ki da shi

Wadda take sayar da humra yau, gobe atamfa, jibi zoɓo, gata takalman yara, ba wanda zai tuna da ita ranar da yake neman ɗaya daga cikinsu. Mutane suna tura juna ne da laƙabi: mai dubulan ta Gawon Nama, mai lallen nan ta Minanata. Ki zaɓi abu ɗaya, in ya yi yawa biyu, wanda hannunki ya fi faɗawa a kansa, ki sa shi gaba. Sauran kayan ba a ce ki zubar ba, wadda ta shigo saboda dubulan ita za ta ga alkaki da nakiya.

Sannan ki tambayi kanki wa ke sayen wannan abu, kuma yaushe kuɗi ke shiga hannunta. Ma'aikaciyar asibiti ko ta sakatariya tana saye ne a ƙarshen wata. Uwar amarya tana saye sau ɗaya amma da yawa. Ɗalibar jami'a tana son ƙaramin ƙulli mai sauƙin kuɗi. In ba ki raba su ba, za ki yi ta tallar kwalbar dubu goma ga wadda ɗari biyar ce a jakarta, ki ce kasuwa ta mutu.

Mataki na biyu: jerin sunaye talatin

Ki sayi littafi mai layi, wanda ba na lissafin gida ba. A shafin farko ki rubuta sunayen mata 30 da kike da lambarsu kuma za su amsa gaisuwarki. Ba wai su ne masu sayen ba, su ne ƙofofin. Saboda haka kar ki cika jerin da 'yan ɗakinku, domin duk mutanen da suka sani ke ma kin san su. Ki nemi waɗanda suke cikin taron da ba kya ciki: malamar makarantar firamare, nas a asibitin koyarwa ko asibitin mata da yara, uwar adashe, mai kitso, mai ƙunshi, matar da ba a biki a danginsu sai da ita, ɗaliba a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi wadda take kwana a ɗakunan ɗalibai. Gaban kowane suna ki rubuta unguwarta da inda take haɗuwa da mutane.

A cikin talatin ɗin nan ki ja layi ƙarƙashin goma da maganarsu take da nauyi. Kin san irinsu: in sun ce abu yana da kyau, ba a sake tambaya. Da su za a fara.

Mataki na uku: ɗanɗano, amma da lissafi

Gani ya kori ji, kuma ƙamshin turare ba ya bin waya. Ɗanɗano shi ne talla mafi ƙarfi da mai sana'ar gida take da shi, shi ne kuma ramin da jari ya fi faɗawa in an yi shi da ka. Ga yadda ake lissafinsa. Ki sa naki farashin a madadin waɗannan, misali ne kawai.

A ce kwalbar turarenki kina sayar da ita 5,000, kuma haɗa ta, da itace da turaruka da sukari da gawayi ko gas da ita kanta kwalbar, yana cin 3,200. Ribarki 1,800 ke nan. Kwalba ɗaya za ta ba ki ƙananan ƙulli 12, kowanne ya isa turara ɗaki sau biyu. Kowane ƙulli ya tashi kusan 270, ki ƙara 30 na leda da 'yar takarda mai lambarki, ya zama 300. In kin raba ƙulli 24, kin kashe 7,200. Mutum huɗu kacal cikin 24 ɗin nan suka sayi kwalba ɗai-ɗai, kuɗinki ya dawo. Duk wadda ta ƙaru a kan huɗu, da duk wadda ta dawo saye na biyu, riba ce. In kuwa kin raba 24 sau biyu ba ki samu huɗun ba, to ki dakata. Ko dai ba masu sayen irin kayan kike ba wa ba, ko farashin ya fi ƙarfinsu, ko kuma akwai abin gyara a kayan da kunya ta hana a faɗa miki.

Abubuwa uku ke lalata ɗanɗano. Na farko, a ba da shi babu lamba a jiki. Ƙullin zai iya wucewa hannu uku, wadda ya burge ba ta san inda ya fito ba. Ko sitika ba ki da ita, ki rubuta sunan sana'ar da lambar waya da biro a 'yar takarda ki manna da salatif. Na biyu, a ba da shi da yawa. Wadda kika ba abin da zai yi mata wata guda, me zai sa ta saya? Na uku, a zaɓi mafi kyau a yi ɗanɗano da shi, ranar oda a kawo wanda bai kai shi ba. Wannan ya fi rashin ɗanɗanon muni, domin ita za ta riƙa faɗa wa mutane su yi hattara da ke.

Ga kowace ɗaya daga cikin goman nan ki ba da ƙulli biyu ko uku, ki faɗa mata a fili: ɗaya nata, sauran ta miƙa wa wadda take ganin za ta so. Mai ɗinki ko kitso da ba ta da abin ƙullawa, ɗanɗanonta shi ne aikin da za a gani a jiki. Ki ɗinka wa 'yar wata mai yawan shiga taro kaya a rabin kuɗi, ana saura mako biyu bikin danginsu.

Bayan kwana biyu ko uku ki bi sawu. Nan ne mafi yawa suke sakaci, wai kar a ce sun matsa. Ba sai kin ce a saya ba, tambaya kawai za ki yi:

"Hajiya ina wuni, ya gida, ya yara? Turaren nan da anka kawo miki shekaranjiya, kin samu kin gwada? In da abin gyara don Allah ki faɗa min, kar ki ji nauyi."

In ta yaba, sai ki faɗi farashi da girman kwalaben da kike da su. In ta yi shiru, ki bar ta, ki sake gaishe ta bayan mako biyu, lokacin da albashi ya shiga ko wata hidima ta ƙarato. Fiye da haka naci ne.

Mataki na huɗu: ki roƙi a tura miki, ki kuma saka wa mai turowa

Wadda ta saya ta ji daɗi ba lallai ta tuna ta faɗa wa wata ba sai kin tuna mata. Lokacin roƙon shi ne sa'ar da ta yaba, ba bayan wata uku ba. Kuma kar ki ce "ki taya ni talla" kawai, wannan magana ce da ake amsawa da "in sha Allahu" a manta. Ki roƙi abu ƙarami da za ta iya yi nan take: "Anti, don Allah ki ɗora min hoton nan a sitatus ɗinki yau," ko "In akwai mai shirin biki a wurin aikinku ki ba ta lambata."

Duk sabuwar da ta kira, tambayar farko bayan gaisuwa ita ce wa ya ba ta lambar. Ki rubuta. Ranar da mai turowar ta zo sayen nata, ki yi mata gyara mai kauri ki faɗa mata dalili. Wasu sun fi son la'ada ta kuɗi, musamman dillalai masu shiga gida-gida da kaya. In haka ne a yanke ta tun kafin a fara: kashi 10 cikin 100 na kwalbar 5,000 shi ne 500, ribarki ta koma 1,300. Ki duba ko za ki iya ɗauka. A kuma yi magana a kan farashin da za ta faɗa wa mutane. Dillaliyar da ta ɗora 2,000 a kan kayanki a ɓoye, sunanki take ɓatawa da tsada, ba nata ba.

Mataki na biyar: taro da lokutan shekara

Biki, suna, walimar sauka da taron adashe su ne kasuwar matar da ba ta zuwa kasuwa. Sai dai shiga taron mutane da jakar kaya kina bi layi-layi yana zubar da girma, kuma yana ɓata wa masu hidima rai. Hanyar da ta fi ita ce kayanki su zama cikin hidimar kanta. In ke kika yi cincin ɗin da za a raba, ki nemi izinin uwar biki ki sa lambarki a kowace leda. Leda 200 gida 200 ne. In turare ne, ki ba da wanda za a turara wurin zaman, ki bar wa ƙanwar amarya lambarki saboda masu tambaya.

Ki ƙulla da masu sana'ar da ba kishiyar taki ba amma mai sayenku ɗaya. Mai gyaran jiki da lalle tana sanin amarya makonni kafin kowa. Mai ɗinki tana sanin wanda zai yi anko. Mai kayan gara tana buƙatar mai yaji da daddawa. Ku yi yarjejeniya: ki tura mata, ta turo miki, kowa ta riƙe lissafi.

Shekara kuma tana da ƙofofinta, kuma wadda ta jira sai ƙofar ta buɗe ta makara. Ɗinkin Sallah tun cikin Sha'aban ake neman masu shi, domin daga tsakiyar azumi kowane tela ya cika. Garin kunu, yaji da kayan buɗa-baki, mako biyu kafin ganin wata. Dambun nama, yaji da garin kunu na guzurin maniyyata, da zarar an fara maganar tashin jirgi. Komawar 'yan makarantar kwana, cincin da ƙuli-ƙuli da yaji. Hunturu na man shafawa da turaren wuta ne. Bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ta zoɓo ce da kunun aya da fura mai sanyi. A littafinki ki ware shafi guda, ki rubuta kowace ƙofa da ranar da za ki fara tallarta, makonni biyu zuwa huɗu kafin ta zo.

Mataki na shida: waya

Waya ba ta maye gurbin duk abin da ya gabata, tana ninka shi ne. Ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, in da hali a kan layin da ba na hirar dangi ba. Ki cika sunan sana'a, unguwa ba adireshin gida ba, da lokutan da kike amsa saƙo. Ki jera kayanki a katalog, kowanne da hoto da farashi, ki kuma yi amfani da alamomin da manhajar ta tanada don ware wadda ta tambaya, wadda ta yi oda da wadda ba ta gama biya ba.

Abin da da yawa ba su gane ba: sitatus ɗinki ba ya isa ga kowa sai wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki. Haka saƙon bai-ɗaya, wanda ake tura wa mutum har 256 a jeri guda, ba ya shiga wayar wanda bai ajiye lambarki ba. Don haka duk wadda kuka yi magana, ki ajiye lambarta da sunan unguwarta, ki ce mata ita ma ta ajiye taki. Lamba 150 na matan Sakkwato da suka san ki sun fi dubu biyu da aka kwaso daga guruf ɗin musayar lambobi, waɗanda rabinsu suna wasu jihohi kuma su ma talla suka zo yi.

Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace. Hoto uku zuwa biyar a rana ya isa. Wadda ta jera talatin, ɗigo-ɗigo kamar zaren carbi, mutane tsallake ta suke yi, daga baya su rufe ta gaba ɗaya. Ki gauraya: yau kayan da aka gama, gobe ɗan bidiyon hannu yana aiki, jibi kayan da aka ɗaure za a kai. Ki riƙa duba adadin masu kallo na mako guda, safe da bayan Isha'i, ki gane lokacin da naki mutanen suka fi buɗe waya.

Hoton kansa ba ya buƙatar babbar waya. Ki goge gilashin kyamara da gefen mayafi, domin maiƙon girki da ƙura su ne ke sa hoto ya yi hazo. Ki ɗauka da safe a bakin ƙofa ko inuwar baranda, ba cikin rana tsaka ba, ba kuma ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Ki shimfiɗa farin ƙyalle ko tire mai tsabta, ki kawar da bokiti da takalman yara daga baya. Ki sa cokali ko hannu kusa da kayan don a gane girmansa. Kar ki ɗauko hoton kek ɗin wata daga intanet ki ce naki ne, ranar da aka kawo na gaskiya za a gwada su gefe da gefe.

Ki rubuta farashi. Al'adar "ki yi min magana ta ciki" tana korar masu kunya, kuma su ne suka fi yawa. Mace za ta so abu, ta ji nauyin tambaya kar ya fi ƙarfinta, ta wuce.

Yabon da mai saye ta turo miki talla ne mai kyau, amma ki nemi izininta kafin ki ɗora, ki kuma rufe sunanta da lambarta. Hannun amarya da lalle ko kanta da kitso, balle fuskarta, ba a ɗorawa sai ta yarda, wani gidan ma sai mijin ya yarda. Kuskure ɗaya a nan yana iya rufe miki dangi guda. Kar kuma ki riƙa jefa mutane cikin guruf ba da saninsu ba, ko tura talla ga lambobin da ba su san ki ba. In masu toshe ki da kai ƙararki suka yi yawa, WhatsApp yana iya rufe layin, duk lambobin da kika tara su tafi a banza.

Facebook, Instagram da TikTok suna da amfani ga kayan da ke jure tafiya: turare, humra, yaji, dambun nama, ɗinki. Ki riƙa rubuta Sakkwato da sunan unguwa a bayanin kowane hoto. In za ki biya mai shafi mai mabiya da yawa ya tallata miki, ki ce ya nuna miki garuruwan da mabiyansa suke, manhajar tana nuna masa. Mabiya dubu ɗari a Kano da Kaduna ba za su sha kunun ayar Gidan Igwai ba. Sanarwa a Rima Radio ko Vision FM ko Garkuwa FM tana kai wa ga waɗanda ba sa hawa intanet har ƙauyuka, amma ki bari sai kin iya cika oda mai yawa, kuma akwai wanda zai zauna da wayar ranar da aka yi sanarwar.

Mataki na bakwai: ajiye kaya a shago

Shagon kayan masarufi na unguwa, shagon gyaran gashi, kantin makaranta, mai shayi a bakin asibiti: duk suna da masu wucewar da ba ki da su. Ki fara da kaɗan, leda 10 ko 20, a ƙirga a gaban mai shagon, a rubuta a littafinki da nasa, a sa ranar da za a zo karɓar kuɗi, mako guda ya fi. A yanke tun farko wa zai ɗauki asarar abin da ya lalace ko bai shiga ba. Ki ba shi farashin sari da zai ci riba, sannan kar ki sayar a gida ƙasa da yadda yake sayarwa, in kin yi haka gobe zai tura kayanki bayan kanta.

Manyan kantuna za su tambaye ki lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ga abinci da kayan shafa da aka ɗaure a mazubi, wasu kuma har da rajistar sunan sana'a ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni. In kasuwarki ta kai nan, ki je ofishin waɗannan hukumomi da kanki ki ji sharuɗɗa. Kar ki yarda mai buga sitika ya ƙirƙira miki lamba, laifi ne. Mai haɗa kayan mata ko na gargajiya kuma ta kiyayi cewa kayanta suna warkar da wata cuta.

Ɗora wa yarinya tire ta bi gari hanya ce da aka gada, amma ba ma ba da shawararta: tana cin karatun yarinyar, tana jefa ta inda ba ki gani, kuma abin da take kawowa bai kai na shago biyu masu amana ba.

Mataki na takwas: kai kaya da karɓar kuɗi

Sabuwar mai saye a odar farko take yanke hukunci, kuma mafi yawan abin da ke ɓata odar farko ba kayan ba ne, kai su ne. Ki samu ɗan kabu-kabu ɗaya ko biyu da gidanku ya san gidansu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin hawa ya zama abin lissafi, don haka ki faɗa wa mai saye kuɗin kai kaya daban kafin ta biya, kar ya zo mata a bakin ƙofa. Ki haɗa odar yanki guda a tafiya guda: na Arkilla da Bado da Gwiwa rana ɗaya, na Mabera da Minanata wata ranar, a raba kuɗin tsakanin masu saye. Ki karɓi kwatance da masallaci ko makaranta ko gidan mai, da lambar wanda zai fito ya karɓa.

Zafi ba ya ragawa. Kunun aya in ba ƙanƙara cikin 'yan awoyi yake tsami, don haka a kula mai ƙanƙara zai fita, kuma da safe ko bayan La'asar. Kek mai ado da bota yana narkewa a bayan babur da tsakar rana. Cincin da aka ƙulle da ɗuminsa yana yin gumi a leda ya yi laushi, a bar shi ya huce sarai. Kwalbar humra a naɗe bakinta da salatif, a tsayar da ita cikin kwali. Na Birnin Kebbi, Gusau, Illela ko Tambuwal da za a ba direba a tasha, ki rubuta suna da lambar mai karɓa a jikin kwalin, ki karɓi lambar direban da ta motar ki tura mata nan take.

Wadda ba ki sani ba, ta biya kafin kaya su fita. Aikin da sai an yi oda ake yinsa, kamar kek, ɗinki ko kayan gara, ki karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kayan haɗi, rabi ko fiye. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane sun saba da tura kuɗi ta waya, saboda haka ki mallaki asusu da sunanki ko na sana'ar, na banki ko irin su OPay da Moniepoint. Hoton rasit ko saƙon alat ba shaida ba ne, ana ƙirƙirar su. Ki buɗe asusunki ki ga kuɗin sun zauna kafin ɗan kabu-kabu ya tashi.

Bashi kuwa, kar ki jawo sabuwar mai saye da shi. Wadda ta fara da bashi, ranar da ta samu kuɗi wurin wata take zuwa, don kunyar haɗa ido da ke. Ki ce mata jarin ƙarami ne, ga ƙaramar kwalba daidai abin da ke hannunta.

Tun kafin baƙi su fara sallama, ku zauna da maigida ko iyaye a tsayar da ƙa'ida: wa zai shigo, wa zai tsaya a zaure, ƙarfe nawa ake rufe karɓar baƙi, wa zai miƙa wa namiji kaya. Sana'o'i da yawa ba rashin kasuwa ne ya kashe su ba, rigimar da kasuwar ta jawo a gida ce. Wanda ba a sani ba ko kaɗan, a haɗu da shi a shagon unguwa da kuka saba.

Mataki na tara: ki koma ga littafin

Kowane ciniki layi guda: rana, suna, unguwa, abin da ta saya, nawa ta biya, da ta inda ta same ki. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Bayan mako takwas ki zauna ki ƙirga. Za ki iya tarar da cewa mutum 9 cikin sababbi 15 ta hannun mata biyu suka zo, shagon da kike ta wahalar kai wa kaya bai kawo kowa ba, kuɗin da kika biya mai shafi kuwa tambaya kawai ya jawo. To ki ƙara wa matan nan biyu ƙulli da gyara, ki janye kayanki daga shagon, ki gwada wani.

A wannan zaman kuma ki duba waɗanda suka saya sau ɗaya ba su dawo ba. Ki ƙiyasta lokacin da kayan suke ƙarewa, kwalbar turare wata ɗaya zuwa biyu, robar yaji makonni kaɗan, ki rubuta ranar gaban sunan kowacce. Ana saura kwana uku ranar ta cika, ki gaishe ta ki faɗa mata kin haɗa sabo, kuma mai kai kaya zai bi ta unguwarsu ranar Alhamis.